Bhimrao Ambedkar (1891–1956) da Shari'ar Keɓe Gurabe a Indiya

An haifi Bhimrao Ramji Ambedkar ranar 14 ga Afrilu, 1891, a garin Mhow da ke tsakiyar Indiya, cikin al'ummar Mahar. Tsarin rarrabe mutane bisa asalin haihuwa na Hindu ya ajiye su a ƙasan kowa, har ana ƙyamar taɓa su; su ne ake kira Dalit a yau. A makaranta kan buhu yake zama a gefe, ruwan sha kuma sai masinja ya tsiyaya masa daga sama. Duk da haka ya yi karatu mai zurfi a Jami'ar Kolombiya ta Amurka da kuma Landan, ya komo gida masanin tattalin arziki kuma lauya.

A 1927 ya jagoranci jama'arsa zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad, suka sha ruwan da aka haramta musu. Masu ganin kansu ɗiyan asali suka garzaya kotu da da'awar cewa tafkin mallakarsu ne. Sai da aka shekara goma kafin Babbar Kotun Bombay ta ba Dalit gaskiya a 1937.

Bayan samun 'yancin kai a 1947, ya zama ministan shari'a na farko da shugaban kwamitin rubuta kundin tsarin mulki. Sashe na 17 ya soke ƙyamar taɓawa, na 15 ya hana nuna bambanci, na 16(4) kuma ya halatta keɓe guraben aikin gwamnati ga al'ummomin da aka bari a baya. Ba a jima ba aka gane akwai giɓi. Wata 'yar Brahmin, Champakam Dorairajan, ta ƙalubalanci rabon guraben kwalejojin likitanci da injiniyanci na jihar Madras, kuma a 1951 Kotun Ƙoli ta rushe rabon, domin kundin bai tanadi irin wannan keɓewa a fagen ilimi ba. Wato makamin da aka ƙera don kare raunana shi aka juya a kansu. Cikin shekarar, Ambedkar ya tsaya a majalisa ya kare gyaran farko ga kundin, wanda ya shigo da sashe na 15(4) ya toshe giɓin.

Sai dai shi kansa ya gindaya iyaka. Tun a 1948 ya shaida wa majalisar tsara kundin cewa guraben da za a keɓe kada su zama mafi rinjaye, in ba haka ba daidaiton dama ya rushe. Da wannan bayani nasa Kotun Ƙoli ta kafa hujja a shari'ar Indra Sawhney ta 1992, inda ta amince da kashi 27 cikin ɗari ga sauran al'ummomin da ke baya, ta kuma hana jimillar keɓewa wuce rabi.

Bai ga wannan hukunci ba. Ya ajiye muƙami a 1951 saboda jan ƙafa kan dokar gyaran aure da gado ta Hindu, ya karɓi addinin Buddha a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa a Oktoba 1956, ya rasu a Delhi ranar 6 ga Disamba.