Ahmad Baba na Tambutu, malamin da ya halatta shan lofe

Bayan rasuwar kakana, da muke kwashe kayan ɗakinsa a nan Haj Abdalla, na tsinci lofensa a cikin wata tsohuwar jakar fata. Na yumɓu ne, bakinsa ya yi baƙi ƙirin, irin wanda Larabawan ƙasar nan ke kira kadus. A ɓoye yake shansa bayan la'asar, don a unguwar da ta cika da 'yan Tijjaniyya da Ansar, mai shan taba ba ya iya ɗaga kai. Duk ranar da aka matsa masa, amsarsa guda ce, wai ai babban malamin Tambutu ma ya halatta. Ina yaro na ɗauka tsoho na kare kansa ne kawai. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na gano ashe akwai malamin, kuma da gaske ya yi fatawar.

Sunansa Ahmad Baba. An haife shi a 1556 a zuriyar Aƙit, gidan da ya daɗe yana riƙe da alƙalancin Tambutu zamanin daular Songhai. Ya fara karatu gun mahaifinsa, sannan ya lizimci Shehu Muhammad Baghayogho shekaru masu yawa, ya ƙware a fiƙihun Malikiyya da nahawu da hadisi.

A 1591 rundunar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ta ƙetaro Sahara da bindigogi, ta karya Songhai a Tondibi. Malaman Tambutu ba su yi na'am da mamayar ba. A 1593 aka kame su, aka wawashe gidajensu. Ahmad Baba ya yi asarar littattafai 1,600, kuma shi da kansa yana ganin a danginsa shi ne mai ƙarancin littattafai. A 1594 aka tasa ƙeyarsu zuwa Marrakish cikin sarƙa, a hanya ya faɗo daga raƙumi ya karye a ƙafa.

Shekara 2 ya yi a tsare kafin a sassauta masa, bisa sharaɗin ba zai bar garin ba. Marubutan tarihin Maroko sun kawo cewa da aka kai shi fada ya tarar sarki na magana ta bayan labule, sai ya ƙi cewa uffan har aka yaye labulen, sannan ya tuhumi sarkin a kan dalilin yaƙar Musulmi 'yan'uwansa. Daga nan ya zauna koyarwa a Masallacin Shurafa, har alƙalan gari suna zuwa ɗaukar karatu. A can ya rubuta Nailul Ibtihaj, kundin tarihin malaman Malikiyya da har gobe ake komawa gare shi.

To ina taba ta shigo? Ganye ne daga nahiyar Amurka, jiragen Turawa suka kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma, ya bi hanyoyin fatake. Wajen 1598 aka kai wa al-Mansur giwa daga ƙasashen baƙar fata, masu kiwonta kuwa mashaya taba ne a lofe. Kafin ka ce kwabo, hayaƙi ya cika kasuwannin Marrakish da Fas, malamai suka rabu gida biyu.

Bayan mutuwar al-Mansur a 1603, ɗansa Zaidan ya ba Ahmad Baba izinin komawa gida. Yana kan hanya, a Tamgrut, a 1607, aka kawo masa tambaya a kan taba, ya ba da amsa a rubuce. Ya bi yadda malaman Malikiyya suka karkasa abubuwan da ke taɓa hankali: mai sa maye, da mai gurɓata tunani, da mai gusar da ji gaba ɗaya. Ya duba taba, ya ga tsiro ne mai tsarki, kuma a iya abin da ya gani ba ta gusar da hankalin mai shanta. Saboda haka ya ce halal ce matuƙar ba ta taɓa hankali ba.

Muhawarar ba ta tsaya a Maroko ba. A Alƙahira Shehu Ibrahim al-Laƙƙani ya haramta, Shehu Ali al-Ujhuri ya halatta. A nan bakin kogin Nilu Shuɗi, Shehu Idris wad al-Arbab na Ailafun yana cikin masu haramtawa, kamar yadda ya zo a Ɗabaƙat na Wad Daifallah. Bayan ƙarni biyu da rabi Mahadi ya hana ta baki ɗaya, har da bulala.

Ahmad Baba ya isa Tambutu a 1608. A 1615 ya rubuta Mi'irajus Su'ud, inda ya lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Wannan kaɗai ya isa kowane Bahaushe ya riƙa yi masa addu'a. Ya rasu a 1627, kuma cibiyar adana tsofaffin rubuce-rubuce ta Tambutu sunansa take ɗauke da shi.

Ni dai ban ga laifinsa ba. Ya yi hukunci ne da ilmin zamaninsa, lokacin da ba wanda ya leƙa huhun mashayi. Sai a shekarun 1950 likitoci suka tabbatar da alaƙar taba da ciwon dajin huhu, kuma yau Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Mutumin da ya ƙi yi wa sarki shiru a kan cutar da Musulmi, ban yi zaton zai yi wa wannan shiru ba.

Abin da ke damuna shi ne yaran ajina. Ba su san lofe ba, amma tumbak da aka kwaɓa da kanwa na nan a ƙarƙashin leɓen wasunsu, su ma kuma sun iya cewa malamai sun yi saɓani. Ranar Lahadi zan kai musu lofen kakana aji, in ba su tarihin Ahmad Baba, in kuma faɗa musu irin tarin da ya kwantar da tsohon a shekarunsa na ƙarshe. Allah Ya jiƙan malam, Ya jiƙan kakana, Ya shirya mana zuriya.