Agustin na Hippo: Bishop Ɗin da Ya Auna Mafarki da Ma'aunin Bangaskiya

A ƙasar da ake kira Aljeriya a yau akwai wani gari mai suna Suk Ahras. A zamanin mulkin Romawa Tagaste ake ce masa, a nan ne kuma aka haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, shekara ta 354. Mahaifinsa bai karɓi baftisma ba sai gab da rasuwarsa. Mahaifiyarsa Monika kuwa mai bi ce tun tana yarinya, mace mai naciya cikin addu'a. Iyayen ba masu dukiya ba ne, amma da suka ga kaifin basirar yaron sai suka ƙuƙuta suka tura shi karatu, da fari a Madaura, daga baya a babban birnin Kartaj, kusa da inda Tunis take a yau.

Birnin ya ba shi ilimi, ya kuma raba shi da tarbiyyar gida. Ya zauna da wata mace ba tare da aure ba, ta haifa masa ɗa mai suna Adiyodatus tun bai cika shekara 20 ba. Ya kuma shiga addinin mabiya Mani, masu koyar da cewa haske da duhu iko biyu ne da suke yaƙi da juna tun fil'azal. Kimanin shekara 9 ya yi tare da su. Abin ya yi wa Monika zafi har ta hana shi zama a gidanta da cin abinci tare da ita.

Mafarki ne ya sa ta sāke buɗe masa ƙofa. Ta ga kanta tsaye a kan wani katakon awo tana baƙin ciki, sai wani saurayi mai haske ya tambaye ta dalili. Da ta faɗa masa ɓatan ɗanta take yi wa kuka, ya umarce ta ta duba da kyau, gama inda take tsaye, nan ɗanta yake. Ta waiwaya, sai ga Agustin a gefenta a kan katakon. Sa'ad da ta ba shi labari, ya so ya juya fassarar, wai ita ce za ta komo inda yake. Nan take ta gyara masa, ta tuna masa ainihin abin da aka faɗa mata. Daga baya ya shaida cewa wannan amsar ta taɓa shi fiye da mafarkin kansa.

Duk da haka Monika ba ta ɗauki kowane mafarki a matsayin saƙo daga sama ba. Lokacin da take ɗokin yi wa ɗanta aure, ta roƙi Ubangiji ya nuna mata wani abu a wahayi, amma abin da ta riƙa gani ta gane tunanin zuciyarta ne kawai, ba ta ba shi muhimmanci ba. Ta kan gaya wa ɗanta cewa tana rarrabe abin da Allah ya bayyana da abin da ranta ya ƙaga, ta wurin wani ɗanɗano da ba ta iya kwatantawa. Agustin bai manta da wannan darasin ba.

A shekara ta 383 ya yaudari mahaifiyarsa a bakin teku, ya shiga jirgin ruwa da dare ya tafi Roma. A 384 ya sami aikin koyar da fasahar magana a Milan, inda wa'azin Bishop Amburos ya fara rushe shakkarsa game da Littafi Mai Tsarki. Monika ta biyo shi har can. A 386, yana kuka a cikin wani lambu, ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita kira a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙun Manzo Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa 13:13-14, zuciyarsa ta natsu. Amburos ya yi masa baftisma tare da ɗansa a daren Ista na 387. A cikin shekarar Monika ta rasu a Ostiya tana da shekara 56, bayan ta ga cikar mafarkinta. Wani ɗan garinsu mai suna Ebodiyus ne ya ɗauki littafin Zabura ya fara rera waƙa a gidan makokin.

Agustin ya koma Afirka a 388. A 391 jama'ar Hippo, wato Annaba ta yau, suka matsa masa aka keɓe shi domin hidimar ikkilisiya, bayan 'yan shekaru kuma ya zama bishop ɗinsu. Cikin ɗimbin aikin wa'azi, da sasanta rigingimu, da rubuce-rubuce, batun mafarki bai daina damunsa ba. A littafin da ya furta zunubansa a gaban Allah, ya koka cewa sha'awace-sha'awacen da ya yi nasara a kansu da rana suna komowa cikin barci, har ya tambayi kansa ko mai barcin ba shi ba ne. A sharhinsa na Littafin Farawa kuwa ya ba da labarin yadda shi da kansa ya taɓa yin mafarki yana sane cewa mafarki yake yi, har yana ƙoƙarin fahimtar da wani abokinsa da ya gani a ciki cewa abubuwan da ke gabansu siffofi ne kawai.

Wajen shekara ta 415, Ebodiyus, wanda ya riga ya zama bishop a Uzalis, ya rubuto masa cikin alhinin rasuwar wani saurayi magatakardansa. Mutane suna ta ba da labarin mafarkai game da mamacin, shi kuma yana so ya san halin da rai yake ciki bayan ya bar jiki. Agustin ya amsa masa da labarin wani likita da su biyun suka sani, Jennadiyus, wanda ya yi aiki a Roma sa'an nan ya zauna a Kartaj. Mutum ne mai taimakon matalauta, amma a dā ya yi shakkar ko akwai rai bayan mutuwa.

Wata rana da dare likitan ya yi mafarki wani saurayi ya kai shi wani birni, ya ji waƙa mai daɗin gaske, aka ce masa waƙar tsarkaka ce. Da ya farka bai ɗauki abin da nauyi ba. A wani daren saurayin ya komo, ya tambaye shi ko ya gane shi, da kuma ko a farke ya gan shi ko a barci. Likitan ya amsa cewa a barci ne. Saurayin ya sanar da shi cewa yanzu ma barci yake yi, ya tambaye shi inda jikinsa yake. Likitan ya ce yana ɗakin kwanansa, ya kuma yarda cewa idanunsa a rufe suke. Da aka tambaye shi da waɗanne idanu ke nan yake gani, sai ya rasa ta cewa. Saurayin ya bayyana masa cewa kamar yadda yake gani alhali idanun jikinsa ba sa aiki, haka bayan mutuwa zai kasance da rai da kuma ganewa. Daga ranar shakkarsa ta gushe. Agustin ya ɗauki wannan a matsayin jinƙan Allah, amma ya faɗa wa abokinsa da tawali'u cewa ba zai iya bayyana yadda irin waɗannan siffofi suke samuwa a cikin mutum ba.

Masana suna lasafta wannan wasiƙa cikin tsofaffin bayanai na mafarkin da mai yinsa yake sane. A 1913 wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya raɗa wa irin wannan mafarki sunan da aka san shi da shi a Turai. A 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, an gwada wani mai barci ya ba da alama da motsin idanunsa daga cikin mafarki. A yau akwai masu koyon abin: suna rubuta mafarkinsu da zarar sun farka, suna yawan tambayar kansu da rana ko a farke suke, suna kuma ƙudura niyyar ganewa kafin su kwanta. Waɗansu ma suna tallata shi a matsayin ƙofar shiga duniyar ruhohi.

Agustin bai bar wa ikkilisiya dabarar sarrafa mafarki ba, ma'auni ya bari. A koyarwarsa gani iri uku ne: na idon jiki, da na siffofin da rai yake gani kamar a mafarki, da na hankali wanda yake gane gaskiya. Na biyun yana iya yaudara, sai na ukun ya auna shi. Saboda haka ya ce Yusufu da ya fassara mafarki ya fi Fir'auna da ya gani. Sanin cewa mafarki ake yi ba ya mai da mafarkin wahayi.

Haka ya koyar game da ganin matattu a barci. A wani littafi da ya rubuta wa Bishop Faulinus na Nola, ya ba da labarin tsohon ɗalibinsa a Kartaj wanda ya yi mafarki Agustin ya warware masa wani wuri mai wuya a littafin Sisero, alhali shi yana Milan bai san kome ba. Idan ana iya ganin rayayye bai sani ba, haka ake ganin mamaci. Ya ƙara da cewa da matattu suna sa hannu a al'amuran masu rai, da Monika, wadda ta bi shi ta tudu da ta ruwa, ba ta fasa ziyartarsa ko dare ɗaya ba. Wannan abin lura ne ga gidajen da mafarki ɗaya yake sa a zargi suruka ko maƙwabci da maita.

A 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo. Agustin ya kwanta ciwo, ya sa aka rubuta Zaburoyin tuba aka manna a bango kusa da gadonsa, yana karantawa yana kuka. Kwana 10 na ƙarshe ya roƙa a bar shi shi kaɗai domin addu'a. Ya rasu ran 28 ga Agusta, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba domin ba shi da dukiya, sai dai ya yi umarni a kiyaye littattafan ikkilisiya domin na baya. Mutumin da ya yi shekaru yana binciken abin da rai yake gani cikin barci, a kan Maganar Allah ya kafa idanunsa har ya rufe su.