Kurt Hahn: Malamin da ya kai yara daji, da yadda aka juya tunaninsa a kan 'yan mata

Duk wanda ya taɓa ganin matasan Man O' War cikin kaki suna gyara layi a wurin taro, ya ga reshe ɗaya na tunanin wani Bajamushe mai suna Kurt Hahn. Wani reshen yana can cikin hamadar Amurka, inda ake kai 'yan matan da iyaye suka ce sun gagare su, da sunan magani.

An haifi Hahn a Berlin ranar 5 ga Yuni, 1886, a gidan Yahudawa masu hali. Ya yi karatu a Oxford, daga baya ya zama sakataren Yarima Max na Baden, shugaban gwamnati na ƙarshe a zamanin sarautar Jamus. Su biyun ne suka kafa makarantar kwana ta Salem a 1920.

A 1932 aka ga irin zuciyarsa. 'Yan dabar Nazi sun lakaɗa wa wani lebura ɗan kwaminisanci duka har lahira a gaban mahaifiyarsa a ƙauyen Potempa, Hitler kuma ya aike wa makasan saƙon goyon baya. Hahn ya rubuta wa tsofaffin ɗalibansa cewa kowa ya zaɓi ɗaya, ko Salem ko Hitler. Da Hitler ya hau mulki a 1933 sai aka tsare shi, kuma sai da Firaministan Birtaniya Ramsay MacDonald ya sa baki aka sake shi. Ya tsallaka Birtaniya, ya kafa makarantar Gordonstoun a Sikotlan a 1934, wadda Yarima Philip, da ɗansa Charles daga baya, suka yi karatu a cikinta.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haifi aikin da aka fi saninsa da shi. Wani mai jiragen ruwa, Lawrence Holt, ya lura cewa idan aka nutsar da jirgi, samarin matuƙa sun fi dattawa saurin karaya su mutu. A 1941 suka buɗe Outward Bound a Aberdyfi, yankin Wales: kimanin wata guda na tuƙin kwale-kwale, hawan dutse da kwanan daji. A ganin Hahn, wahala ita kaɗai ba ta gyara kowa. Abin da ke gyara matashi shi ne ya ga ana buƙatarsa, shi ya sa ɗaliban Gordonstoun suke aikin kashe gobara da ceton waɗanda teku ko dutse ya rutsa da su. Sai a 1951 aka fara karɓar 'yan mata, kuma a shekarar ce Alec Dickson ya buɗe sansanin Man O' War Bay a Kudancin Kamaru bisa wannan tsari, cibiyar da a yau take da sansani a Shere Hills kusa da Jos.

Hahn ya rasu a kudancin Jamus ranar 14 ga Disamba, 1974, bai ga abin da ya biyo baya ba.

Outward Bound ta isa Colorado a 1962, sannu a hankali kuma 'yan kasuwa suka ari siffarta suka yar da ruhinta. Ɗalibin Hahn mai ceto ne. Yarinyar waɗannan sansanoni kuwa sau da yawa ƙarti ake biya su ɗauke ta daga gadonta da tsakar dare, a raba ta da waya da 'yan uwa. A 1990 kaɗai, 'yan mata biyu, mai shekara 15 da mai 16, sun mutu a hannun sansanonin jihar Utah, ɗaya da ƙishirwa, ɗaya da zafin rana. A 2007 ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya ce ya samu dubban zarge-zargen cin zarafi a irin waɗannan wurare, ya kuma bi diddigin mutuwar yara goma.

Ba dukkan sansanonin ne haka ba, kuma gidan Hahn ma bai tsira ba: a 2024 kwamitin binciken cin zarafin yara na Sikotlan ya gano an daɗe ana cutar da ɗalibai a Gordonstoun ba mai tsawatarwa. A Disambar shekarar Shugaba Biden ya sa hannu kan dokar da Paris Hilton ta yi fafutukar samarwa, bayan ta bayyana abin da ta sha a irin waɗannan cibiyoyi. Dokar ba ta rufe ko sansani ɗaya ba. Bincike kawai ta umarci a gudanar.