Tarihin Marigayi Houphouet-Boigny: Tsohon Abijan Da Bam Ɗin Faransa

A 'yan shekarun nan, duk wanda ya kunna rediyo a rumfarsa sai ya ji labarin makamai masu linzami da suka ninka gudun sauti sau biyar, irin waɗanda Rasha ta harba kan Yukren tun daga 2022, da kuma garkuwar da Amurka ke son kafawa don tare su. Da yawa daga cikinmu mukan ɗauka wannan rigimar manya ce, babu ruwan mai sayar da goro ko atamfa. To, ga tarihin wani shugaba da ke nuna cewa tseren makaman ƙare-dangi ya taɓa shigowa har cikin harkar fataucinmu.

An haifi Felix Houphouet-Boigny a Yamusukuro a 1905, a gidan sarautar ƙabilar Baule. Ya yi karatun likita a Dakar, ya gama a 1925, daga baya ya zama babban manomin koko da kofi. A 1944 ya jagoranci kafa ƙungiyar manoma baƙar fata, a 1945 aka zaɓe shi ɗan majalisa a Faris. A can ne ya kawo dokar da ta soke aikin tilas a duk ƙasashen da Faransa ke mallaka, a watan Afrilu na 1946. Dattawan Maraɗi da Damagaram da suka ga zamanin kwasar mutane zuwa aikin hanya ba sa bukatar a gaya musu darajar wannan doka. A cikin watan ne kuma aka kafa jam'iyyarsa ta PDCI a unguwar Treichville, wadda a lokacin ita ce matattarar baƙi da ma'aikata a Abijan.

Da farko yana ƙawance da 'yan gurguzun Faransa, abin da ya jawo wa mabiyansa kamu da ɗauri bayan tarzomar Treichville ta Fabrairun 1949. A 1950 ya raba gari da su, ya koma yin sulhu da gwamnatin Faris, kuma daga nan bai sake waiwayawa ba. A 1956 ya zama magajin garin Abijan, kuma minista a gwamnatin Faransa kanta.

Nan ne labarinsa ya haɗu da na bam. Shi ne ministan da ya gabatar da dokar 1957 da ta haɗa yankunan Sahara na Aljeriya da Nijar da Mali da Chadi na yanzu ƙarƙashin hukuma guda, don Faransa ta riƙe man fetur da ma'adinan da ke ciki. A shekarar ce sojojin Faransa suka zaɓi Reggane a kudancin Aljeriya ya zama filin gwaji. Lokacin da Firaminista Felix Gaillard ya sa hannu kan umarnin gwada bam na farko a Afrilun 1958, Houphouet ministan lafiya ne a wannan gwamnati. Likita, ministan lafiya, a majalisar da ta amince a tayar da irin wannan guba a hamadar da iskar hunturu ke taso mana daga cikinta. Mu dai wannan ya daɗe yana ɗaure mana kai.

Ranar 13 ga Fabrairu 1960, da sanyin safiya, aka tayar da bam ɗin, wanda ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Wata taswirar sojan Faransa da aka bayyana a 2014 ta nuna cewa ƙurarsa ta bazu a Afirka ta Yamma, har da Kodebuwa. Gwaji 17 Faransa ta yi a Sahara daga 1960 zuwa 1966, huɗu a sarari, 13 a ƙarƙashin duwatsu.

Maƙwabta ba su yi shiru ba. Tun a Disamban 1959 wata tawagar masu zanga-zanga ta taso daga Ankara da niyyar isa Reggane, jami'an Faransa suka tare ta a Bittou, garin kan iyakar nan na Burkina Faso. Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa da ke Gana. Bayan gwaji na uku a Disamban 1960, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko a Janairun 1961, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa sauka a Nijeriya. Sai dai wannan bulala ta fi dukan Nijar da Chadi, waɗanda kayansu da yawa ta tashar Ikko da jirgin ƙasan Arewa suke bi. Bayan 'yan watanni aka janye hanin jiragen, amma hulɗar jakadanci sai da ta yi kusan shekara biyar a yanke.

Houphouet bai bi wannan sahu ba. Kodebuwa ta sami 'yanci ranar 7 ga Agusta 1960, kuma ranar 24 ga Afrilu 1961 ita da Nijar da Dahomi suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa. A cikinta an rubuta cewa Faransa ce za a fara sayar wa ma'adinan yaƙi, ciki har da yuraniyom. Shekara goma bayan haka aka fara haƙar yuraniyom a Arlit. Sojojin Faransa suka zauna a Port-Bouet, dab da filin jirgin Abijan, kamar masu gadin gidan Tsoho, sunan da mutanen ƙasarsa ke kiransa da shi.

Gaskiya kuwa cinikin ya yi masa riba, kuma iyayenmu sun ci daga ciki. A shekara 33 da ya yi yana mulki ba a taɓa kifar da gwamnatinsa ba. Ya buɗe wa baƙi ƙofa, har a 1965 ya nemi a ba mutanen ƙasashen ƙawancensa takardar zama 'yan ƙasa biyu, mutanensa suka ƙi. A inuwar wannan kwanciyar hankali ne Hausawa suka kafu a kasuwannin Adjame da Treichville, masu tsire da masu albasa da dillalan shanu, wasu kuma suna ɗaure goron Anyama suna lodi zuwa Arewa. Amma ita wannan kusanci da Faris ce ta sa ya amince da Biyafara a 1968, ya kuma ba Ojukwu mafaka a 1970. Masu nazari da dama na ganin cewa haushin korar jakadan nan na cikin abubuwan da suka sa Janar de Gaulle ya tallafa wa Biyafara. Haka kuma ya karɓi Firaministan Afirka ta Kudu John Vorster a Yamusukuro a 1974, a shekarun da gwamnatin wariyar launin fata ke shirin ƙera nata bam a ɓoye. Guda shida ta ƙera, kamar yadda Shugaba de Klerk ya bayyana a Maris 1993.

Houphouet ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993. Wata guda bayan rasuwarsa aka karya darajar sefa da rabi, abin da duk ɗan canji a Jibiya da Illela ke tunawa. A 1996 ƙasashen Afirka suka sa hannu a Alƙahira kan yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta makaman nukiliya a nahiyar. Sansanin Port-Bouet kuwa, sai a Fabrairun 2025 Faransa ta miƙa shi ga sojojin Kodebuwa.