Funmilayo Ransome-Kuti: Jarumar da ta nema wa matan Najeriya 'yancin ƙuri'a

Duk macen da ta shiga layi ranar zaɓe a Najeriya ta dangwala wa wanda take so, tana cin moriyar gwagwarmayar da ta samo tushe daga kasuwannin Abeokuta, ƙarƙashin jagorancin Funmilayo Ransome-Kuti.

An haife ta ranar 25 ga Oktoba, 1900 a Abeokuta, babban birnin jihar Ogun ta yau. Ita ce mace ta farko da aka ɗauka a makarantar Abeokuta Grammar School. Ta ƙaro ilimi a Ingila, ta dawo ta kama aikin koyarwa, kana a 1925 ta auri Rabaran Israel Ransome-Kuti.

Ajin yaƙi da jahilci da ta buɗe wa mata 'yan kasuwa shi ya kusantar da ita ga kukansu. Hukumar gargajiya ta Alake Ademola, sarkin Egba, wadda Turawan mulkin mallaka ke mara wa baya, tana karɓar haraji daga hannun mata, alhali ba su da ko kujera ɗaya a majalisar da ke yanke shawara. A 1946 ta kafa Ƙungiyar Matan Abeokuta, kuma a ƙarshen 1947 dubban mata suka yi zaman dirshan a ƙofar fada. Daga ƙarshe an soke harajin, mata huɗu suka samu kujeru a majalisar riƙon ƙwarya, shi kuwa Alake ya sauka daga karaga a Janairun 1949, ko da yake ya koma daga baya.

Nasarar ba ta kai ga akwatin zaɓe nan take ba. Da ta tsaya takarar majalisar yankin Yamma a 1951 a jam'iyyar NCNC, sai ta faɗi, domin sharaɗin biyan haraji ya hana yawancin matan da ke goyon bayanta jefa ƙuri'a. Wannan ya ƙara mata azama: a 1953 ta jagoranci kafa Tarayyar Ƙungiyoyin Matan Najeriya, wadda ta nemi a bai wa kowace mace baliga 'yancin zaɓe. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda ta sha ɗauri kan wannan buƙata a Arewa, ta taɓa yin tattaki zuwa Abeokuta domin ganawa da ita.

Matan yankin Gabas sun samu 'yancin a 1954, sannan dukkan matan Kudu suka jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959. A wannan zaɓe NCNC ta hana ta tikiti, ta tsaya da ƙafarta, ta sha kaye, jam'iyyar kuma ta kore ta. Matan Arewa kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe masu ƙofa.

A Fabrairun 1977 sojoji suka afka wa gidan ɗanta, mawaƙi Fela, a Legas, suka jefo ta daga tagar bene. Ba ta farfaɗo daga raunukan ba har ta rasu ranar 13 ga Afrilu, 1978, shekara guda kafin babban zaɓen 1979, na farko da matan dukkan sassan ƙasar suka zaɓi shugaban ƙasa.