Anwar Basha da Rundunar da Sanyi Ya Cinye a Sarikamish

A wannan makon za mu waiwayi rayuwar Isma'il Anwar, wanda Turkawa ke kira Enver Pasha, ɗaya daga cikin mutum uku da suka riƙe ragamar Daular Usmaniyya ta Turkiyya a ƙarshen zamaninta, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammad na Biyar ya zama sarki a suna kawai.

An haife shi a Istanbul a 1881. Sunansa ya fito a juyin juya halin matasan Turkawa na 1908, ya yaƙi Italiya a Libiya, sannan ya jagoranci juyin mulkin 1913. A Janairun 1914 ya zama ministan yaƙi, ya kuma auri Najiya Sultan, 'yar gidan sarauta. Yana kan gaba wajen ƙulla yarjejeniyar sirri da Jamus a Agustan shekarar, wadda ta jefa daular cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Burinsa shi ne ƙwato yankin Kars da Rasha ta karɓe a 1878. Ya tsara cewa wani ɓangaren Runduna ta Uku ya tsare Rashawa ta gaba, sauran su haura duwatsu su ɓullo musu ta baya a garin Sarikamish, inda layin dogonsu yake. Kwamandan rundunar, Hasan Izzat Basha, ya ba da shawarar a jira hunturu ya wuce. Anwar ya ƙi, ya karɓi jagorancin da kansa.

Ranar 22 ga Disamba, 1914 aka tashi. Sojoji da yawa ba su da tufafin sanyi, abinci kuma ya kasa riskarsu. A duwatsun Allahu Akbar, masu tsayin kusan mita 3,000, dubbai suka daskare cikin dusar ƙanƙara kafin su ga abokan gaba. Waɗanda suka isa Sarikamish sun isa a galabaice, rukuni bayan rukuni, har Rashawa suka sami damar kawo ɗauki. Zuwa tsakiyar Janairun 1915 rundunar ta wargaje. Dubun-dubata sun mutu, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya bi ta kan da yawa daga waɗanda suka tsira.

Anwar ya koma Istanbul, aka hana jaridu faɗin gaskiyar lamarin, aka ɗora laifi a kan Armeniyawa. A wannan shekarar gwamnatinsu ta fara korarsu da yi musu kisan kiyashi.

Da aka ci daular da yaƙi a 1918 ya tsere zuwa Jamus, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. An kashe shi ranar 4 ga Agusta, 1922 a ƙasar Tajikistan ta yau, yana yaƙar sojojin Bolshebik.

Ba mu musanta jarumtarsa. Sai dai mun ga cewa shawarar da za ta ceci rayuka ta zo masa a kan lokaci, daga bakin wanda ya san ƙasar, ya yi watsi da ita saboda babu mai iya taka masa birki. Allah Ya jiƙan Musulmin da suka kwanta dama a waɗannan duwatsu.