Jibo Bakari da zaɓen raba-gardama na 1958

An haifi marigayi Jibo Bakari a Sudure, kusa da Yamai, cikin shekara ta 1922. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta ƙasar Sanagal, ya komo gida ya kama aikin malanta. Daga baya ya bar koyarwa, ya duƙufa ga ƙungiyoyin ma'aikata da siyasa. Jam'iyyarsa ta Sawaba, mai alamar raƙumi, ta samu gindin zama wajen talakawa, musamman leburori da direbobi da ƙananan ƴan kasuwa. A 1956 ya zama magajin garin Yamai, a 1957 kuma ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa.

Cikin 1958 Janar Digol ya karɓi mulki a Faransa, ya shimfiɗa sabon tsari ga ƙasashen da take mallaka. Ƙasar da ta yarda za ta riƙe harkokinta na cikin gida, amma soja da kuɗi da hulɗar waje su tsaya hannun Tarayyar da Faransa ke shugabanta. Wadda ta ƙi za ta samu ƴancin kai nan take, sai dai Faransa ta janye taimakonta. Aka sa ranar 28 ga Satumba domin jin bakin jama'a. Daga Yamai har garuruwan karkara irin Badar Gula, cikin ƙasar Dakoro, tambayar ɗaya ce ga manomi da makiyayi.

Jibo ya kira mutane su ƙi. Jori Hamani da jam'iyyar RDA suka kira su yarda. Faransa ta aiko sabon gwamna, Kolombani, wanda ya sa ƙarfin hukuma wajen karya Sawaba. Sarakuna da yawa, waɗanda dā ke tare da Jibo, suka juya mashi baya, don gwamnatinsa ta tuɓe wasu daga cikinsu.

Da aka ƙirga ƙuri'u, wajen kashi 78 cikin ɗari sun yarda, kashi 22 sun ƙi. Amma cikin kowane mutum goma da aka rubuta, waɗanda suka je runfar zaɓe ba su kai huɗu ba. Gine kaɗai ce ta ƙi a wannan rana.

Jibo ya sauka cikin Oktoba. A 1959 aka haramta Sawaba, ya yi gudun hijira. Tawayen da mutanensa suka tayar a 1964 ya ƙare da zubar jini. Ya komo gida bayan juyin mulkin 1974, aka tsare shi a 1975. Ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai samu ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Ƴancin da ya nema ya zo ranar 3 ga Agusta 1960, a hannun abokan hamayyarsa, shi kuwa yana ƙasar waje. Allah ya jiƙan shi.